Tambaya da Amsa: Na Goge Fayiloli, Amma An Ce Ana Iya Dawo da Su

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Samaru, kuma ina so in sayar da tsohuwar kwamfutata. A cikinta akwai ayyukan ɗalibai, da hotunan katin shaidar ɗan ƙasa da takardun banki na mutanen da na yi wa rajista. Na goge su duka, na zubar da kwandon shara, sai wani mai gyara a Sabon Gari ya ce har yanzu ana iya dawo da su. Shin gaskiya ne, kuma mece ce mafita?

Mai karatu daga Samaru, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai gyaran ya faɗa maka gaskiya, kuma ina shawartarka da ka dakata da cinikin tukuna, domin takardun amana ce a hannunka, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyin tsare irinsu a kan wanda ya tattara su.

Idan ka goge fayil, kwamfuta ba ta taɓa abin da ke cikinsa. Sunansa kawai take cirewa daga jerin da take bi wajen gano inda kowane abu yake, sannan ta ɗauki wurinsa a matsayin fili. Kamar mai gidan haya ne da ya soke sunan ɗalibi daga littafinsa, alhali kayan ɗalibin suna nan a ɗaki har ranar da sabon ɗan haya zai shigo da nasa. Shi ya sa manhajoji irin su Recuva da PhotoRec, waɗanda kyauta ake samunsu, suke iya tono hoton da aka goge watanni da suka wuce. Fomatin gaggawa ma jerin kawai yake sharewa.

Mafita ita ce a rubuta wani abu a kan tsohon wurin, amma sai ka fara sanin irin ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar. Idan faifai ne mai juyawa, wato HDD, kuma kana da Windows 10 ko 11, ka kwashe abin da kake buƙata tukuna, sannan ka shiga saitin mayar da kwamfuta sabuwa, ka zaɓi cire komai tare da tsabtace faifan. Wata hanyar ita ce ka tayar da kwamfutar da manhajar DBAN daga filas, ta bi faifan daga farko har ƙarshe tana rubutu a kansa. Aikin yakan ci sa'o'i, saboda haka ka tanadi janareto ko inbata, kada a ɗauke wuta ana tsakar aiki.

Za ka ji masu cewa sai an maimaita rubutu a kan faifan sau 35. Wannan adadi ya fito ne daga binciken masanin kwamfuta Peter Gutmann na 1996, wanda ya shafi faifan wancan zamani. Jagorar da hukumar NIST, mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka, ta fitar a 2006 ta nuna cewa sau ɗaya ya wadatar ga faifan zamani, kuma ni a kan wannan nake.

Idan kuwa SSD ce, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, rubutawa a kai ba abin dogaro ba ne, domin ita da kanta take rarraba rubutu a sassanta don kada wani sashe ya riga wani lalacewa, har tsohon bayani ya maƙale inda manhaja ba ta isa. A nan sai ka nemi manhajar kamfanin da ya ƙera ta, ka yi amfani da umarnin Secure Erase, wanda ke sa ma'ajiyar ta share duk abin da ke cikinta da kanta.

Bayan ka gama, ka sa Recuva ta yi bincike mai zurfi don ka gani da idonka cewa babu abin da ya rage. In kuma faifan ya lalace har ba ya karɓar umarni, ka cire shi, ka huda shi da na'urar huda ƙarfe a wurare da dama, mai saye ya sa sabo.