Na Tura Kuɗin Maigida Asusun da Ba Shi Ba, Ni Zan Biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari. Makon jiya ana cikin rububin ciniki, maigidana ya ce in tura wa mai kawo mana atamfa naira dubu 85, na kuskure lamba ɗaya, kuɗin suka tafi wurin wani. Karo na uku ke nan irin haka na faruwa da ni. Ko sallah a gaggauce nake yi saboda kada kwastoma ya wuce. Ina da zunubi? Kuma dole ne in biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗana, game da zunubi, ka kwantar da hankalinka. A ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 286, Allah ya koya mana mu roƙe shi kada ya kama mu idan muka manta ko muka yi kuskure, kuma Muslim ya ruwaito cewa Allah ya amsa wannan roƙo. Ba ka yi niyyar cin dukiyar kowa ba.

Biya kuwa magana ce daban. Yaron shago a wurin malamai amintacce ne, ba ya ramuwar abin da ya salwanta a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare umarni. Da karon farko ne, da na ce maigida ya rungumi ƙaddara. Amma manhajar banki tana nuna sunan mai asusu kafin a danna tura, kai kuma sau biyu kana ganin abin da rashin dubawa ke jawowa. Annabi (SAW) ya ce ba a sarar mumini sau biyu a rami ɗaya, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Naka saran na uku ne. Don haka abin da na fahimta shi ne wannan sakaci ne, ramuwa tana kanka, sai dai in maigida ya yafe, kuma yafewar ta fi masa lada. Idan kuwa shi ne ya tsaya a kanka yana "yi maza, yi maza" har ya hana ka dubawa, to yana da kaso a ciki, ku zauna ku yi sulhu. Kafin nan ka kai ƙorafi banki. Wanda kuɗin suka faɗa wa haramun ne ya ci, ba tsintuwa ba ce ballantana kyauta.

Abin da ya fi damuna shi ne sallar da ka ambata a ƙarshe kamar ƙaramin abu. Wani mutum ya yi sallah a gaban Annabi (SAW) a gaggauce, sau uku yana ce masa ya koma ya sake domin bai yi sallah ba, sannan ya koya masa natsuwa a ruku'u da sujada. Natsuwa farilla ce a cikin sallah; wanda ya bar ta, ƙabli da ba'adi ba sa gyara masa. Ina ganin irinku a masallatan kasuwa, goshi na taɓa ƙasa kamar kaza na tsattsagar dawa, alhali raka'a huɗu ba ta cin minti goma. Hannun da ya saba fizgar sujada shi ne zai fizgi lambar asusu.

Hatta tafiya zuwa jam'i, an hana mu zuwa da gudu: mu zo a natse, abin da muka samu mu sallata, abin da ya wuce mu cika. Idan an ce kada a yi wa sallah gudu, ina ga atamfa?

Daga yau, duk kuɗin da za ka tura, ka karanta sunan da ƙarfi mai kuɗin ya ji ya amsa, sannan ka danna. Lokacin sallah kuma ka bar wa maƙwabcinka shagon. Wallahu a'alam.