Anti, kuɗin adashena a sitatus suke ƙarewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekarata 7 da aure, yarana biyu. Matsalata ba na iya ganin kaya a waya in kau da kai. Yanzu haka saitin kuloli uku gare ni, biyu ko kwalinsu ban buɗe ba. Watan jiya na kwashi adashe naira 150,000 don kuɗin makarantar yara, sai ƙawata mai saida kayan kicin ta ɗora tukunyar lantarkin nan mai suya ba mai a sitatus ɗinta na WhatsApp, ta rubuta "saura biyu". Kafin la'asar na tura mata rabin kuɗin adashen. Har yau Abban yara bai sani ba. Anti, son zuciya ne, ko wani abu aka yi mini?
Daga ƙanwarki a Badarawa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba wanda ya yi miki asiri, kada ki kwashi ragowar kuɗin ki kai wa boka. Talla ce ta kama ki, kuma masu yin ta sun san aikinsu.

Bari in fara tona kaina. Akwai injin matse lemo a saman durowata, ƙura ta yi masa rawani. A talabijin na gan shi: wata mata cikin farin kicin tas, ba hayaƙi ba kuka, yara sun zauna a tebur kamar ba su taɓa dambe ba. Washegari na hau Keke Napep daga Tudun Wada har wani shago a titin Ahmadu Bello na saye shi. Sau biyu na kunna. A layinmu lokacin sai ƙarfe biyun dare ake kawo wuta, wa zai tashi matse lemo? Daga baya na gane safiyar matar can nake so, ita na biya wa kuɗi, aka miƙo mini inji. Ke ma ki tambayi kanki wace mata kika hango a jikin tukunyar nan. Ina jin wadda baƙi za su leƙa kicin ɗinta su ce "ma sha Allah" ce.

Wannan son fita kunya ba mai talla ne ya ƙirƙiro mana shi ba. Na girma a Kakuri zamanin da masaƙu ke aiki, Babanmu na ɗaya daga cikin masu fita da jiniya. Ɗakin Innarmu jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, samira, fanteka, tasoshi, ba wanda aka taɓa cin tuwo a ciki. Amma sai ranar suna ko biki ake shiga a gani, kuma gasar ba ta wuce matan unguwa ba, waɗanda mazajensu kusan albashi ɗaya suke ɗauka. Ke kuwa kina kwance a Badarawa kina gwada kicin ɗinki da na matar wani attajiri a Abuja, sau hamsin a wuni.

Turawa sun daɗe da gano wannan lagon. Kamfanin lu'ulu'u na De Beers ya ɗauki masu talla a Amurka a 1938, a 1947 suka fito da taken da ke cewa lu'ulu'u ba ya gushewa har abada. Sannu a hankali saurayin da bai kai zoben lu'ulu'u ba ya zama kamar bai iya so ba, har tallar ta yanka masa cewa albashin wata biyu ya dace ya kashe. Duk sanda na ji ana lissafin akwatin lefe, wai saiti kaza ne na 'yar gata, sai labarin nan ya faɗo mini.

A nan gida, hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta hana sa fuskoki da muryoyin 'yan ƙasar waje a talla tun Oktoban 2022. Na yi murna don 'ya'yanmu sun sami aiki, sai dai Baturiya ba ta taɓa sa ni jin na gaza ba. Wadda ta ɗaura ɗankwali irin nawa ita ce mai tsaya mini a rai. Ballantana ƙawa, wadda ta san ranar da kike kwasar adashe. Su kuma Facebook da Instagram kusan duk kuɗin shigarsu daga talla ne, shi ya sa in kin tsaya kallon kula ɗaya yau, gobe kuloli za su yi ta bin ki.

Ki lura da kalmomin: "na manyan mata", "na kece raini", "saura biyu". Biyun farko suna gaya miki akwai mai raina ki, na ukun yana hana ki kwana da shawara. Da a Kasuwar Gumi ne, sai kin hau mota, kin taɓa kayan, kin taya an ce albarka, kin zagaya wani layi, sannan ki ƙirga kuɗin da hannunki ki ji zafin rabuwa da su. Tiransifa ba ta da wannan zafin.

Kada ki yi faɗa da ƙawarki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mata da yawa da sarin nan suke ciyar da gida, neman halaliyarta take. Ki dai rufe sitatus ɗinta, WhatsApp ba zai gaya mata ba. Duk abin da ya burge ki, ki ba shi mako guda. In kin ga bayan kwana bakwai har yanzu "saura biyu", kin sami amsa. Sannan ki riƙa auna farashi da gumi: mafi ƙarancin albashi a jihar nan naira 72,000 ne tun 2024, wato tukunyarki ta cinye fiye da watan wani ma'aikaci cur. Ranar kwasa kuwa, ki ce wa uwar adashe ta tura kuɗin kai tsaye asusun makaranta, kada ma su kwana a wayarki.

Maganar Abban yara ita ce ta fi damuna. Ki faɗa masa a wannan makon, bayan ya ci abinci, tun kafin a koro yara ya ji daga bakin hedimasta. Ki je masa da mafita a hannu: kulolin nan biyu da ba ki buɗe ba, ki roƙi ƙawarki ta ɗora miki su a sitatus ɗinta. In ta ga dama ta rubuta saura biyu, wannan karon gaskiya ta faɗa.