Tsohuwar lasifikar Baba: a gyara ko a sake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ya rasu ya bar mini lasifika biyu ƙirar Pioneer, tun na shekarun 1980. Yanzu da an ƙara murya sai ɗaya ta kama karkarwa, bakinta duk ya marmashe. Mai gyara ya ce a cire babbar lasifikar da ke cikin akwatin a sa ta mota. In yarda? Daga wani mai karatu, unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kada ka yarda, ɗan'uwa. Abin da ya marmashe soso ne da ke riƙe bakin takardar lasifikar, wato faifan nan da ke motsi ya fitar da sauti, shi kuwa ko a ƙasar sanyi da wuya ya wuce shekara 20, balle a zafin Damagaram da ƙurar hunturu. Ana kankare tsohon, a manna sabo daidai girmansa, shi ke nan.

Kafin ka biya kowa, sa yatsu kewaye da tsakiyar takardar ka danna a hankali. In ta shiga ta fito shiru, naɗin wayar da ke cikin maganaɗisu lafiya yake. In ka ji ƙarar karce, ko dai ya goce ne saboda soson ya saki, ko ya ƙone. Mai gyara ya auna da mita: lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta) takan nuna wajen 6.

Ta mota yawanci om 4 ce, za ta ja wuta fiye da kima, tsohon amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara sauti, ya yi ta zafi. Ga shi kuma akwatin nan an auna shi ne da takardar asali. Muryar nan mai kauri da ke fito da ganga da kalangu kamar makaɗin yana zaune a zaure, daga haɗinsu take. Sabbin na kasuwa akwai ƙara, amma rabin sa'a kunne ya gaji.

In ka ji siririn sautin ya dushe, a duba kondansa, wani ɗan ƙaramin kayan lantarki a 'yar farantin da ke raba sauti a ciki. Tana bushewa da tsufa, kuma ba ta da tsada. Har a gyara, daina kunna ta.

Tambaya: Malam, na ga wasu lasifiku ƙirar Technics na gwanjo a kasuwar Dole, ina so in saya wa maigida. Me zan duba? Daga wata 'yar'uwa, Zango.

Amsa: Hajiya, fara da akwatin. Yawancinsu katakon dusa ne. Ki sa a juya miki ƙasansa, in gara ta ci ko ruwa ya kumbura shi, ki wuce. Sannan a kunna miki, ki kai kunne kan kowace, har ƙaramar lasifikar da ke saman akwatin, don masu sayarwa sun san babbar kaɗai mutane ke saurara. Ki duba ko biyun iri ɗaya ne, sau da yawa an riga an musanya ɗaya. In soso ne kawai ya ruɓe, wannan dalilin neman ragi ne, ki taya ƙasa.