Ɗana Yana Buga Zari-Rugar Amurka a Ƙaramar Kwaleji, Ina Makomarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana na biyu yana karatu a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, ya shiga ƙungiyar ƙwallon nan tasu da ake sa hular kwano ana ture-ture. Kocinsu na yabonsa, shi kuma ya fara cewa sana'arsa ke nan. Hankalina bai kwanta ba. Waɗanda suka yi fice a irin waɗannan makarantu, ina suke ƙarewa?
Wata uwa, daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana shi. Na san sunayen da zai kawo miki in kuka yi waya, bari in riga shi.

Zai ce Jerry Rice. Gaskiyarsa. Ɗan magini ne daga Mississippi, yana yaro ana jefo masa bulo yana caɓewa a wurin aikin mahaifinsa. Ya yi wasa a Mississippi Valley State, makarantar da manyan gidajen talabijin ba su leƙa ta, amma a 1985 ƙungiyar San Francisco 49ers ta ɗauke shi, ya shekara 20 a NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, ya ci kofinta na Super Bowl sau 3. Zai kuma ce Kurt Warner na jami'ar Northern Iowa, wanda ƙungiyar Green Bay ta sallama a 1994, ya koma jera kaya a kanti da dare kan dala 5.50 a awa, sannan a kakar 1999 ya zama gwarzon gasar baki ɗaya.

Akwai ma namu. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya je Azusa Pacific a Kalifoniya a matsayin mai jifan faifai. Da Najeriya ta ƙi tafiya da shi gasar Olamfik ta 1984, sai ya shiga wannan wasa yana da shekara 23. Kansas City ta ɗauke shi a 1987, a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo, yadi 1,480. Amma kaka 6 kawai ya buga, ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Daga baya ya kafa gidauniya mai koya wa yara wasanni.

To, Hajiya, mutum biyu nake so ki ambata masa, don su suka fi tsaya mini a rai. Joe Dudek na kwalejin Plymouth State ya kai ƙwallo gidan abokan karawa sau 79, ya karya tarihin da shahararren ɗan wasa Walter Payton ya kafa a wasannin kwaleji, har mujallar Sports Illustrated ta sa hotonsa a bangonta a 1985. A NFL kuwa wasa 2 kacal ya buga wa Denver, su ma a 1987 lokacin da manyan 'yan wasa ke yajin aiki. Daga nan ya koma aikin kamfani a New Hampshire. Gordie Lockbaum na Holy Cross ya zo na 3 a zaɓen kyautar Heisman ta 1987, wato ta gwarzon wannan wasa cikin ɗaliban ƙasar duka. Pittsburgh ta zaɓe shi, ta sallame shi tun kafin a fara kaka. Harkar inshora ya kama a garin Worcester. Ba na ganin waɗannan biyun a matsayin waɗanda suka faɗi, ko kusa. Sun yi suna, sun riƙe iyalansu da abin da suka karanta. Sai dai in irinsu ba su samu gurbi ba, yabon koci kaɗai bai isa a gina rayuwa a kansa ba.

Lissafin hukumar wasannin kwalejoji, NCAA, ya nuna cikin 'yan wasan kwaleji ɗari ba a samun biyu da ke kai wa NFL, kuma mafi yawansu daga manyan jami'o'i suke. A shekara kusan mutum 250 ake zaɓa.

Ki tambaye shi rukunin makarantarsu, domin NCAA ta kasa makarantunta rukuni 3. In rukuni na 3 ce, ba a ba da tallafin karatu don wasa, wato kuɗinku ne ko tallafin ƙwazonsa a aji ke riƙe da shi, saboda haka kada atisaye ya ci masa darasi. Ki kuma tambaye shi ko ya taɓa buguwa a ka har ya ga jiri, da wanda ya duba shi. Wannan ya fi damuna fiye da maganar kuɗi, domin yara kan ɓoye don kada a ajiye su a benci.

Ban ce ki hana shi ba. Ali Marpet daga rukuni na 3 ya fito, kwalejin Hobart, Tampa Bay ta ɗauke shi a 2015, ya ci Super Bowl da ita. A 2022, yana da shekara 28 kuma tauraronsa na haskawa, ya ajiye hular kwanon da kansa saboda lafiyar jikinsa. Ki ce wa yaron ya turo miki sakamakon jarrabawarsa tare da bidiyon wasan, duka biyun a saƙo ɗaya.