Me ya sa Lancaster biyu kawai ke tashi?

Malam, ka tambayi dalilin ƙarancin jiragen Lancaster, jiragen Birtaniya masu jefa bama-bamai na yaƙin duniya na biyu. An ƙera 7,377, amma biyu kacal ke tashi yau: ɗaya a Coningsby ta Ingila, ɗaya a Hamilton ta Kanada. Bayan yaƙi, yawancin waɗanda suka tsira yanka su aka yi aka sayar da ƙarfen.

Gyaran kuwa jan aiki ne. Kowane jirgi injin Merlin huɗu gare shi, kuma an daina ƙera irinsu tuntuni. Sai an kwance jikin jirgin, a bi ƙusa ɗaya bayan ɗaya ana neman tsatsa da tsagewa, musamman a ƙashin fiffike. Wallahi ina jinjina wa haƙurin makanikan nan.

A 2014 na Kanada ya ƙetaro teku, suka tashi tare a Ingila.