Gonar gado ta faɗa cikin sabon awon gwamnati: ina mafita?

Tambaya: Barista, ina da gona eka huɗu a wani ƙauye da ke gefen Kano. Gado ce daga mahaifinmu, shi ma ya gada daga nasa. Bayan girbin bara ma'aikatan awo suka shigo suka kafa turaku, suka ce yankin ya shiga sabon tsarin gari: titi zai ratsa ta gabas, a yanka fulotai a tsakiya, gefen rafi kuma an hana gini, itatuwa za a dasa. Babu wanda ya ba ni takarda. Kafin zuwansu na riga na sayar wa mutum biyu fuloti a gefen rafin, awon igiya, mai unguwa ya sa hannu. Yanzu suna neman kuɗinsu. 'Yan'uwana sun ce mu tumɓuke turakun mu kai ƙara, tunda gonar ta girmi gwamnati. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: Malam, da farko kada kowa ya taɓa turakun nan. Cire alamar awo laifi ne, kuma ranar da kuka yi haka maganar ta tashi daga ta haƙƙinku ta koma ta 'yan sanda. Abin da zan faɗa a nan bisa abin da ka rubuto ne kawai. Ban ga taswirar ba, ban ga takardun cinikin ba, kuma ɗaya daga cikinsu na iya sauya amsar.

Maganar cewa gonar ta girmi gwamnati gaskiya ce a tarihi, amma ba ta tsayawa a gaban alƙali yadda 'yan'uwanka suke zato. Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa, a sashenta na 1, ta damƙa duk ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin 'yan Najeriya baki ɗaya. A Arewa ma abin ya daɗe kafin nan, domin dokar ƙasa ta 1910 da ta 1962 duk sun sa ƙasa ƙarƙashin ikon hukuma. Abin da ya rage a hannun mutum shi ne haƙƙin zama da amfani. Idan gonar tana wajen yankin da aka ayyana a matsayin birni, kuma noma ake yi a kanta tun kafin 1978, sashe na 36 yana ɗaukarku tamkar ƙaramar hukuma ta ba ku haƙƙin mallaka na al'ada, ko da ba ku da takarda ko ɗaya. Haƙƙi ne na gaske, ana gadonsa, kotu tana kare shi daga maƙwabci ko ɗan kama-wuri-zauna. Sai dai gwamna yana da ikon soke shi domin amfanin jama'a ƙarƙashin sashe na 28, kuma fitar da titi da tsara sabuwar unguwa suna cikin abubuwan da dokar ta lissafa a matsayin amfanin jama'a. Saboda haka idan ƙarar da kuke shirin kaiwa ita ce gwamnati ba ta da ikon shiga gonar gado, ina ganin za ku yi asarar kuɗin lauya ne kawai.

Inda kake da ƙarfi shi ne hanyar da aka bi. Doka ba ta ce a wayi gari a ga turaku ba. Sokewar dole ta fito a rubuce, da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, kuma a isar da sanarwar ga mai haƙƙin, kamar yadda sashe na 28 da na 44 suka tsara. Kotun Ƙoli ta sha jaddada wannan. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance a 1991 ta nuna cewa sokewar da ba a sanar da mai ita yadda ya kamata ba ba ta zauna ba, kuma ba a karɓe ƙasar wani da sunan jama'a a miƙa wa wani ɗan kasuwa don amfanin kansa. Ina mamakin yadda har yanzu wasu ma'aikata suke ganin sanar da dagaci da baki ya wadatar, alhali takardar sanarwa ba ta fi shafi ɗaya ba. Duk da haka ka bincika sosai kafin ka rantse ba a ba ku ba. A gonar gado sau da yawa ana miƙa takardar ga babban wa, ko a liƙa ta a wurin, sauran magada ba su sani ba. Kuma ka sani cewa ko kotu ta rushe sokewar saboda rashin sanarwa, babu abin da zai hana a sake fitar da wata yadda doka ta ce. Nasarar tana saya maka lokaci da bakin magana a wurin ciniki, ba lallai ta dawo maka da gonar har abada ba.

Batun diyya shi ne inda mutane suka fi shan mamaki. Sashe na 29 bai ce a biya ka kuɗin ƙasar a farashin kasuwa ba. Abin da ake biya shi ne wahalar da ke kanta wadda ba ta ƙare ba: gini, rijiya, shinge, aikin ban ruwa, itatuwa masu amfani irin su mangwaro da ɗorawa, da amfanin gonar da ke tsaye. Idan gonar fili ce fetal bayan girbi, lissafin zai fito ƙarami ƙwarai, ko da dillalai suna yi wa eka ɗaya kuɗi mai yawa. Akwai wani sakin layi da ba a cika tunawa da shi ba, sashe na 6(6), wanda ya ce idan an soke haƙƙin al'ada a kan ƙasar noma, ƙaramar hukuma ta ba manomin wata ƙasar da zai ci gaba da noma. Ko ya shafe ka ya danganta da matsayin gonar, wato tana cikin yankin birni a hukumance ko ba ta ciki, kuma wannan sai an duba gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga sanarwarta ta hukuma a ciki. Idan ba ka yarda da adadin diyyar ba, dokar ta ce a kai ƙorafi ga kwamitin rabon filaye na jiha. Ta kuma yi ƙoƙarin hana kotu duba adadin, amma sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka karɓe wa dukiya damar zuwa kotu a kan diyya, kuma kotuna sun karkata ga tsarin mulkin. Ƙofar a buɗe take, sai dai tafiyar na da tsawo.

Gefen rafin kuma maganarsa daban ce, kuma ina so ka lura da kyau. Hana gini a wuri ba daidai yake da karɓe shi ba. Mai yiwuwa ne wannan ɓangaren yana nan a hannunka, ka noma shi, ka yi lambu, gini ne kawai ba za a ba da izininsa ba. Tsara gari hurumin jiha ne, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2003 a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, don haka dokar jiharka da taswirar da aka amince da ita su za a duba. A irin wannan hani, samun diyya ba shi da tabbas. Kuma gaskiya ban ga laifin hanin ba. Duk wanda ya zauna a Kano ya ga abin da cike kududdufai da gini a kan hanyar ruwa suke jawowa kowace damina, ya kuma ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Jigawa. Rafin da aka toshe a ƙauyenku, gidajen da ke ƙasa da ku zai shiga. Abin da za ka nema a nan shi ne a faɗa maka a rubuce: an karɓe gefen rafin ne, ko an taƙaita amfaninsa? Idan itatuwa za a dasa, na wa ne, kuma wa zai ci amfaninsu? Idan dashen zai hana ka noma gaba ɗaya, to lauyanka na iya cewa wannan karɓewa ce, a biya diyya.

Fulotai biyun da ka sayar su ne raunin ka mafi girma, kuma su ne dalilin da ya sa ba na son ka yi gaggawar shiga kotu. Sashe na 36(5) na Dokar Amfani da Ƙasa ya hana yanka irin wannan gona zuwa fulotai da sayar da ita, sannan sauya hannun ƙasa yana buƙatar amincewar ƙaramar hukuma ko ta gwamna, gwargwadon nau'in haƙƙin. Sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ya maye gurbin wannan amincewar. Na san awon igiya ya cika gefen Kano kuma hukuma kan kau da kai, sai dai lauyan gwamnati ba zai kau da kai ba ranar da ka tsaya a gaban alƙali. Akwai kuma tambayar ko an raba gadon kafin ka sayar. Idan ba a raba ba, ka sayar da abin da ba naka kai kaɗai ba ne. Masu sayen, a ganina, suna da hujja mai ƙarfi ta neman kuɗinsu, ko da yake kalmomin takardar cinikin za su yi tasiri. Ka zauna da su a gaban dagaci ko wani dattijo da kowa ya yarda da shi, ku rubuta yarjejeniya: ko ka mayar da kuɗin kashi-kashi, ko su jira abin da zai fito daga sabon awon.

Abin da zan yi da ni ne lauyanka ba shi da yawa. Magada su wakilta mutum ɗaya a rubuce. A ɗauki hoton gonar da duk itace da rijiyar da ke cikinta kafin buldoza ta shiga, a sa mai ƙiyasin kadara mai rajista ya yi lissafinsa. A rubuta wa ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane, a nemi kwafin sanarwar sokewa da lambar taswirar, a karɓi shaidar cewa wasiƙar ta shiga. Sannan a nemi zama. A wurare da dama idan gwamnati ta yanka gonaki takan ware wa manoman wasu fulotai a cikin sabon awon. Wannan tsari ne na gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ba ta wajabta shi ba, shi ya sa a teburin sulhu ake samunsa, alƙali ba zai iya ba ka shi ba. Fuloti mai takardar gwamnati a bakin sabon titi yakan fi diyyar itatuwa daraja nesa ba kusa ba, kuma da shi za ka iya sallamar mutanen nan biyu. Rashin sanarwar da aka yi maka shi ne abin da za ka riƙe a wannan zaman. Idan an ƙi saurarenku, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, akwai kuma sashen sulhu na Babbar Kotun Jihar Kano.

Kada dai neman sulhu ya sa ka yi barci. Dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata uku na kai ƙara, kuma ko da yake kotuna sun sha cewa ba ta shafi ƙarar neman ƙasa ba, ba zan so ka dogara da wannan ba. Wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwar niyyar kai ƙara tukuna. Ka kai wa lauya takardun cinikin da na rabon gado, idan akwai, cikin wannan makon, kuma kada wani daga cikinku ya sa hannu a takardar karɓar diyya sai lauyan ya karanta ta.