Me ya kai "af" ƙarshen jimla a harshen Dutch?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan da na tare a Rotterdam, a ƙasar Holand, ina zuwa ajin koyon Dutch saboda jarrabawar inburgering, wadda baƙi ke yi kan harshe da rayuwar ƙasar. Malamarmu ta rubuta a allo: "Ik was elke avond de borden af." Na duba ƙamus, na ga kalmar afwassen ce. To me ya raba ta gida biyu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba da sa'a. Jimlar tana nufin "ina wanke faranti kowace yamma".

Kin san yadda muke bambanta wanki da wanke-wanke? Masu jin Dutch ma haka. Wassen shi ne wankewa, idan aka manna masa af a goshi ya zama afwassen, wato wanke-wanke. Irin wannan aikatau suna kiransa scheidbaar werkwoord, ma'ana mai rabuwa.

Abin da ke raba shi ƙa'ida ɗaya ce mai ƙarfi. A jimla mai cin gashin kanta, aikatau yana zama a gurbi na biyu, ba ya gusawa. Amma gangar jikinsa ce kawai ke zama a wurin, af ɗin sai ya koma can ƙarshe ya jira. Shi ya sa ko kin fara da lokaci, sai ki ce "Morgen was ik de borden af", gobe zan wanke faranti. Lura, ik (ni) ya koma bayan was. Masu koyo sun fi tuntuɓe a nan, su ce "Morgen ik was", kuma kunnen ɗan Holand ba ya barin wannan ya wuce.

Amma af da wassen sukan sake haɗewa. Idan wani aikatau ya riga ya tare gurbi na biyu: "Ik moet de borden afwassen", dole in wanke faranti. Haka bayan omdat (saboda) ko dat (cewa), domin su suna kora aikatau zuwa ƙarshe, can sai ya tarar da af ɗinsa: "Ik kom later, omdat ik de borden afwas", zan zo an jima saboda ina wanke faranti. Idan aikin ya wuce kuma aka faɗe shi da heb, gaɓar ge ke kutsawa tsakani: "Ik heb de borden afgewassen", na wanke faranti. Te, wanda ya yi daidai da "to" na Turanci a "to wash", shi ma haka yake yi, sai dai a rubuce a rabe: af te wassen.

Aikin gida cike yake da irinsu. Opruimen, kintsa wuri: uwa za ta ce wa yaro "Ruim je kamer op!" Schoonmaken, tsaftacewa: "Ik maak de keuken schoon." Shawarata, ki riƙa faɗar su da baki kina cikin aikin, ya fi haddar jadawali.

Akwai guda ɗaya mai yaudara. Stofzuigen, shara da na'urar zuƙe ƙura, kamar zai rabu amma ba ya rabuwa. Ana cewa "ik stofzuig" da "ik heb gestofzuigd". Kuma kada was ya ruɗe ki: "ik was moe" na nufin na kasance a gajiye, "de was" kuma kayan wanki ne.